Amsa ga mai son yin hutun Ista a Legas babu mota

Wa alaikumus salam. Malam, na ga tambayarka: kai da uwargida kuna son ku taso daga Kaduna a jirgin sama ku yi hutun Ista a Legas, Juma'a zuwa Litinin, ba ku da mota a can, ba kwa kuma son ɗora wa kowa nauyi, shin abin zai yiwu ko wahala za ku saya da kuɗinku. Na ga wasu sun ce ku haƙura, wasu sun ce ku yi shatar mota da direba na duk kwanakin. Ni dai na zauna a garin shekaru masu yawa, farko a Agege, daga baya Obalende, ko keke ban taɓa mallaka ba, kuma shawarata daban ce.

Rashin mota ba shi ne damuwarku ba, inda za ku kwana shi ne magana. Legas gida biyu ce, akwai ɓangaren tudu inda filin jirgin Murtala Muhammed yake a Ikeja, akwai ɓangaren tsibiri, wato Lagos Island, Ikoyi, Victoria Island, har zuwa Lekki. Gadoji uku ne ke haɗa su: Carter, Eko, da Third Mainland mai tsawon kusan kilomita 12. Yawancin abin da baƙo ke zuwa kallo yana tsibiri ne. Wanda ya kama otal a Ikeja don ya fi araha, zai mayar da rarar ga masu tasi, ya kuma ƙare hutunsa yana kallon bayan motar gaba. Ku tsallaka gada sau ɗaya ranar Juma'a, ku sake tsallakawa ranar komawa, shi ke nan. Ku nemi masauki a Ikoyi, Victoria Island ko Lekki Phase 1, ko da ƙarami ne. Kafin ka biya, ka tambaye su awa nawa suke kunna janareta, domin zafin Legas a wannan lokaci ba irin namu ba ne, gumi ne mai danƙo da ba ya bushewa, ɗaki babu wuta kuwa ba ya kwantuwa.

Sa'arku ɗaya, ranakun hutu su ne lokacin da garin ke ɗan sararawa. Ma'aikata ba su fita, da yawa sun tafi garuruwansu, hanyar da ke cin awa biyu ranar Talata sai ka yanke ta cikin rabin awa. Shi ya sa ban ga dalilin shatar mota ba, direba zai wuni yana barci a inuwa kana biyansa.

Daga filin jirgi, ka kira mota ta manhaja, Uber, Bolt ko inDrive. Ka sauke aƙalla biyu a wayarka tun kana Kaduna, don wani lokaci kuɗin ɗaya kan yi tashin gwauron zabi, ɗayar tana daidai. Ka duba lambar motar ta yi daidai da ta waya kafin ku shiga. Da kun fito ƙofa za a yi muku caa, wannan ya kama jaka, wancan ya ce motarsa na nan kusa. Ka ce an zo ɗaukarku, ka wuce.

Kada ka sa rai da ɗan acaɓa. Tun watan Yuni na 2022 gwamnatin jihar ta hana su aiki a Ikeja, Surulere, Apapa, Lagos Mainland, Lagos Island da Eti-Osa, kuma dokar ta haɗa har da fasinja. Za ka gan su suna satar hanya, yawancinsu ma yaranmu ne, za su yi maka Hausa, amma da iyali ba abin gwadawa ba ne. Danfo kuwa, waɗannan bas-bas masu launin ɗorawa, idan kana son ka ce ka shiga Legas, ka hau sau ɗaya da rana tsaka, daga tasha, ba a bakin titi ba. Kwandasta na rataye a ƙofa da hannu ɗaya, takardun kuɗi a naɗe tsakanin yatsunsa, yana kiran sunan unguwa da saurin da kunnen baƙo ba ya kamawa, kuma idan ba ka da canji sai ya haɗa ka da wani fasinja ku je ku raba can. Motar da ta tsaya maka a hanya da mutum uku ko huɗu a ciki, musamman da asuba ko da dare, ka bar ta ta wuce. Ta haka ɓarayin da ake kira wan cans suke farauta.

Abin da ya fi dacewa da mai iyali shi ne BRT, manyan bas masu layinsu daban a titi tun 2008, da jirgin ƙasa na cikin gari. Duka da kati ɗaya ake biya, sunansa Cowry, ana sayensa a tasha a zuba masa kuɗi. Jirgin Blue Line ya fara aiki a watan Satumba na 2023, daga Marina da ke Lagos Island zuwa Mile 2 a ɓangaren tudu, kilomita 13, da lantarki yake tafiya. Ko ba ku da abin yi a Mile 2, ku hau ku je ku dawo, domin yana bi ta saman ruwa ya wuce gefen National Theatre, kallon da ba a samu daga cikin mota. Red Line shi ke bi ta Yaba, Oshodi, Ikeja da Agege, amma an fi tsara shi don masu zuwa aiki safe da yamma, don haka kada ka gina shirin hutu a kansa.

Idan jirginku ya sauka da hantsi, kuna iya samun Juma'a a babban masallacin Legas da ke titin Nnamdi Azikiwe. Asabar kuma ku ba wa tsohon gari, wato Lagos Island, ita gaba ɗaya, a nan ne ƙafa ta fi mota. Ku fara da gidan tarihi na ƙasa a Onikan, wanda aka buɗe a 1957, amma ka sa masu masauki su tabbatar maka yana buɗe saboda hutun. A can ne aka ajiye baƙar Marsandin da aka harbe Janar Murtala a cikinta ranar 13 ga Fabrairu, 1976. Tana nan da ramukan harsashi a jikinta, kana iya ƙirga su. Na sha kai baƙi daga gida wurin, za a shiga ana hira da dariya, da an zo gabanta sai kowa ya yi tsit, wani ya karanta Fatiha. Dandalin Tafawa Balewa, inda aka yi bikin samun 'yancin kai a 1960, yana kusa, ƙafa ma ta isa. Daga nan sai Freedom Park a titin Broad, tsohon kurkukun Turawa ne da aka mayar wurin shaƙatawa a 2010. Kasuwar Balogun ita ce ƙarshe, kuma ka ware wa Hajiya lokaci da kasafi tun daga gida, don leshi da atamfa ba su barin mace ta wuce salin alin. Waya a aljihun gaba, jaka a ƙirji. Kada ku bar ta sai Lahadi, yawancin shaguna a rufe suke.

Lahadi ku yi Lekki da sassafe, tun mutane na coci. Lekki Conservation Centre daji ne mai faɗin hekta 78 a tsakiyar gine-gine, da gadar igiya ta saman bishiyoyi mai tsawon mita 401. Tana lilo sosai, ba a juyowa idan an hau, saboda haka mai tsoron bisa ya tsaya a ƙasa, babu abin kunya. Takalmi mai rufi, ba mai tsini ba. Birai kuma ba su da ta ido, leda suka gani a hannu sai sun warce. A hanyar dawowa ku tsaya gidan zane-zane na Nike, shiga kyauta ne. Ku bar titin Lekki zuwa Epe kafin la'asar, lokacin ne masu zuwa bakin teku ke cika shi.

Maganar teku, kusan duk wanda ya taso daga Arewa ita yake son gani, kuma da gaskiyarsa. Ni na fi son Tarkwa Bay, domin babu hanyar mota zuwa can sam, kowa a jirgin ruwa yake zuwa, kuma ruwanta ya fi lafawa. Ana shiga daga Marina ko Victoria Island, tafiyar ba ta da nisa. Jirgin da bai ba ku rigar kariya ba, ko kuka ga an yi masa lodi fiye da kima, ku jira na gaba. Ku dawo tun da sauran rana. A ranakun Ista bakin teku na cika da kiɗa da shaye-shaye daga azahar, don haka safiyar Litinin ta fi muku, in jirginku na yamma ne. Idan hadari ya haɗo, a fasa, damina na farawa da wuri a can.

Abinci ba matsala ba ne. Da dare ku leƙa Obalende ko Glover Court a Ikoyi, masu tsire namu ne, ka yi sallama da Hausa ka ga yadda za a ƙara maka. Agege kuwa, duk da zangon Hausawa da ke can mai tsohon tarihin fataucin goro, ban ba ku shawarar zuwa a wannan karon ba sai in akwai ɗan'uwan da dole a gaisar, domin yini guda za ta ci.

Ranar komawa ku baro tsibiri awa uku kafin tashin jirgi, don yammacin Litinin ne matafiya ke kwararowa gari. Ka duba tikitinka da kyau: tashar jiragen cikin gida biyu ce a Ikeja, MMA2 da tsohuwar da ake kira GAT, ka faɗa wa direba wadda kamfaninku ke tashi tun kafin ku hau gada. Ka riƙe ɗan tsabar kuɗi ƙananan takardu saboda masu jirgin ruwa da 'yan dako, sauran wurare kusan duk suna karɓar tiransifa. Allah ya kai ku lafiya, a gaida Hajiya.