Tara ruwan sama a gidan da famfo bai kai ba: amsoshin tambayoyinku

Tambaya: Assalamu alaikum. Mun gina gida a gona, nesa da gari, babu famfo babu wutar lantarki, rijiyar da muka haƙa kuma ta ƙi ba da ruwa. Mu shida ne a gidan. Rufin kwano ne, tsawonsa mita 10, faɗinsa mita 8. Ina shirin sayen tankin roba mai cin lita 10,000. Zai kai mu ƙarshen rani?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Ba zai kai ku ba, kuma gara ka ji haka tun kuɗin yana aljihunka.

Hukumar Lafiya ta Duniya tana ɗaukar lita 20 a matsayin mafi ƙarancin abin da mutum ɗaya yake buƙata a yini, don sha da girki da ɗan tsaftar jiki. Ku shida, lita 120 ke nan kullum. Tankin da kake nufi, ko da ruwan ƙarshe na damina ya bar shi cike fal, kwana 83 zai yi muku, bai ma cika wata uku ba. Idan ranin wajenku yana kai wata shida, abin da ya kamata a ce kun adana ya kai lita 21,600, kuma ban sa wankin kaya masu yawa ko shayar da dabbobi a ciki ba.

Kafin ma a zo kan girman tanki, ka fara tambayar abin da rufinka zai iya kamawa, domin tanki ajiya kawai yake yi, rufi ne yake kawo ruwan. Ƙa'idar mai sauƙi ce: milimita ɗaya na ruwan sama da ya sauka a kan murabba'in mita ɗaya, lita ɗaya ne. Ana auna filin da rufin ya lulluɓe a ƙasa ne, gangarensa ba ya ƙara komai. Naka murabba'in mita 80 ne. Mu ƙaddara wajenku ana samun milimita 600 a shekara: lita 48,000 ke nan suke sauka a kan kwanon. Ba duka za su shiga tanki ba. Wani zai fantsama, wani iska za ta kaɗa shi ya tsallake kwatar bakin rufi, wani kai da kanka za ka zubar don wanke rufin. Masu wannan aiki sukan ƙirga kashi 80 cikin ɗari a rufin kwano, wato kusan lita 38,000. Buƙatarku ta shekara kuwa lita 43,800 ce. Ka ga ke nan, da irin wannan damina, ko tafki ka gina rufin ba zai ciyar da shi yadda kuke so ba, sai ka haɗa da rufin rumfa ko na ɗakin ajiya. Don haka ka nemi alƙaluman ruwan sama na yankinku daga hukumar kula da yanayi, ka yi lissafinka da shekarar da ruwa ya yi ƙaranci.

Idan ƙarfinka bai kai na babban wurin ajiya ba tukuna, ka raba ruwanka gida biyu. Na tanki ya zama na sha da girki kaɗai, wanki da wanka a nemo musu daga wani wuri. Haka aka yi a yankin fari na arewa maso gabashin Brazil, inda aka gina wa iyalai tankunan siminti masu cin lita 16,000, da nufin su ishi gida mai mutum biyar sha da girki na kusan wata takwas. Kuma da ni ne, tanki biyu masu lita 5,000 zan saya maimakon ɗaya mai 10,000. Ran da ɗaya ya fara yoyo ko ya buƙaci wanki, ruwanku bai tafi gaba ɗaya ba.

Tambaya: Maigidana yana son a haƙa rami a yi masa siminti a ƙarƙashin ƙasa, ni kuma na fi son tankin roba a ajiye a sama. Wanne ya fi?

Amsa: Hajiya, kowannenku yana da hujja, yawan ruwan da kuke son tarawa ne zai raba gardamar. In dai 'yan dubban lita ne, tankin roba ya fi sauƙi: yau aka kawo, gobe aka haɗa, yoyo kuma ido yana ganinsa. Ki tabbata an yi shi ne don ruwan sha, kuma haske ba ya ratsa jikinsa, domin duk inda hasken rana ya shiga ruwa gansakuka za ta tsiro. A sa shi a inuwa, a kan daɓe mai ƙwari da ya daidaita ko'ina. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce, tanki mai lita 5,000 idan ya cika nauyin tan biyar ke nan, kuma tsakuwa ɗaya mai tsini a ƙarƙashinsa ta isa ta huda shi sannu a hankali. Masu ɗora shi a kan dogon ƙarfe don ruwa ya riƙa zuwa da ƙarfi su sani cewa sai an ɗaga mita 10 ake samun matsin "bar" ɗaya (ma'aunin ƙarfin turin ruwa ke nan), saboda haka ya fi aminci babban tanki ya zauna a ƙasa, a sa ƙaramin famfon sola yana tura ruwa zuwa ɗan ƙaramin tanki a sama.

Idan kuwa ana maganar lita 20,000 zuwa sama, maigida ya fi kusa da gaskiya. Ginin siminti yana daɗewa, ruwansa yana zama da sanyi, ba ya cin fili. Yana da wani amfanin kuma: ruwan sama yana da ɗan tsami a halittarsa, siminti yana rage wannan tsamin, shi ya sa ruwan ba ya saurin cin bututun ƙarfe. Amma aikin na ƙwararren magini ne. Tsagewar da ke ƙarƙashin ƙasa ba a ganinta, kuma hanyar da ruwa mai kyau ya bi ya fita, ita ruwa mai ƙazanta zai bi ya shigo. A nisanta ramin daga masai da turken dabbobi da mita 30 in fili ya ba da dama, ya kasance a tudu su a gangare, a kuma nisanta shi da manyan itatuwa saboda saiwa. Bakinsa ya ɗara ƙasa tsayi don kada kwararar tsakar gida ta faɗa ciki, murfinsa ya zama mai nauyi da makulli. Wannan na ƙarshe ina roƙon kada a yi masa sakaci a gidan da ke da yara.

Tambaya: Ruwan tankinmu ya fara wari, kuma muna ganin tsutsotsi suna wutsil-wutsil a ciki. Ashe ba ruwan sama ne ya fi kowane ruwa tsafta ba? Wace irin matatar ruwa zan saya?

Amsa: Ɗan'uwa, ruwa ba ya tsami banza. Daga sama yakan zo da tsaftarsa, rufi ne yake ɓata shi da ƙura, busasshen ganye, kashin tsuntsaye da na ƙadangaru, wani lokaci har mushen ɓera. Kafin ka sayi matatar ruwa, ka tare dattin tun bai shiga ba, kuma a nan ne nake son kowa ya fara kashe kuɗinsa.

Ka sa raga a bakin bututun da ke saukowa don tare ganye. Bayanta ka sa abin karkatar da ruwan farko, wato bututu mai faɗi da aka tsayar, ƙasansa a toshe. Ruwan da ya fara wanko rufi yana cika shi tukuna, sannan mai tsafta ya wuce tanki. A kan ware daga rabin lita zuwa lita biyu ga kowane murabba'in mita na rufi, gwargwadon ƙurar wurin, kuma dole a riƙa zubar da abin da ya tara bayan kowane ruwa. Ruwan farkon damina kuwa a bar shi ya tafi ƙasa gaba ɗaya.

Tsutsotsin da kake gani na sauro ne. Sauron da ke yaɗa zazzaɓin dengi da shawara a ruwa mai tsafta da aka adana ya fi son yin ƙwai. Duk wata kafa, har da bututun ambaliya da mutane suke mantawa da shi, a rufe ta da raga mai ido bai wuce milimita ɗaya ba. Famfon ɗiba ya kasance sama kaɗan da gindin tanki don kada ya jawo laka.

Wanda za a sha, a tace shi sannan a kashe masa ƙwayoyin cuta. Tafasawa ta minti ɗaya, ruwan yana ɓararraka, ta wadatar. In kulorin ne, a bi ma'aunin da ke jikin kwalinsa, a jira minti 30. Sai dai tafasawa da kulorin ba sa cire gubar dalma, don haka rufin da aka yi wa tsohon fenti mai dalma bai dace da ruwan sha ba sam. Naku da ya riga ya yi wari, ku ba shuka, ku wanke tankin. Idan mai zurfi ne da sai an shiga, a buɗe shi ya sha iska sosai, kada mutum ya shiga shi kaɗai, kada kuma a kunna janareta ko injin jan ruwa a ciki ko a bakinsa. Hayaƙin yana kashe mai aikin, ya kashe wanda ya bi shi don ceto.

Tambaya: An yi mini tayin tsofaffin durruka da irin tankin nan mai lita 1,000 da ke cikin kejin ƙarfe. In saya?

Amsa: Malama, sai in kin san tabbas abin da aka taɓa zubawa a ciki. Roba tana shan sinadari, wanki da sabulu ba ya fitar da maganin ƙwari ko mai daga jikinta. Wanda ya ɗauki kayan abinci, kuma takardarsa tana manne a jiki, za ki iya wanke shi ki yi amfani da shi, amma ki lulluɓe shi ko ki yi masa fenti mai duhu, don farar robarsa haske yana ratsa ta. Wanda mai sayarwa ya ce bai san abin da ya ɗauka ba, ki bar masa kayansa, ko don ban-ruwan lambu kada ki karɓa.