Amsa ga Hajiya: abin da ya mayar da kantunan Kmart kufai

Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Hajiya, barka da yamma, ya gida, ya yara. Na ga bidiyon da kika turo na wancan kantin Kmart na Amurka: kantoci wayam, rabin fitilun a mace, mai karɓar kuɗi ɗaya tal, layi kuma ya miƙe. Kika ce ya aka yi kanti mai suna haka ya lalace, ko ma'aikatan ne ba su da kishin aiki, ko cinikin intanet ne ya kashe shi. To saƙon zai ɗan yi tsawo, ku yi haƙuri da ni.

Da farko dai a cire ma'aikata daga cikin laifin nan. Wallahi tausayi ya kamata a ji musu. Intanet ma daga baya ta zo, ta tarar da mara lafiya a kwance. Kmart ya fara zuwa kotu neman kariya daga masu bin sa bashi tun watan Janairu na 2002, lokacin da yawancin mutane ba su fara sayen omo da man goge baki ta waya ba. Abin da kika gani a bidiyon nan ƙarshen wata doguwar cuta ce, wato a yi ta kwasar kuɗi daga kanti ba a mayar masa da komai.

An buɗe Kmart na farko a 1962 a garin Garden City na jihar Michigan, ƙarƙashin kamfanin S.S. Kresge. A shekarar nan dai aka buɗe Walmart na farko da Target na farko, manyan kantunan da suka zama abokan gasarsa. Kmart ne ya sha gabansu nesa ba kusa ba, har ya haura kantuna 2,000. Suna da wata dabara da ta yi suna: a kunna shuɗiyar fitila mai juyawa a wani sashe, a yi shela a lasifika cewa an karya farashin kaya kaza na 'yan mintuna, mutane su ruga. Amma da kuɗi ya shigo, maimakon su gyara kantunan, sai suka shiga sayen wasu kamfanoni: na littattafai irin su Waldenbooks da Borders, na kayan gini Builders Square, na kayan wasanni Sports Authority, na kayan ofis OfficeMax. Shi kuwa Walmart yana can yana zuba kuɗinsa a manyan sito-sito, da motocin dakon kaya, da kwamfutocin da ke gaya wa hedikwata abin da aka sayar a kowane kanti. Zuwa farkon shekarun 1990 ya wuce Kmart a ciniki, bai ƙara waiwayowa ba.

Yanzu mu zo kan kantar da babu kaya, don nan ne maganar take. Hanya uku ce ke kawo ta.

Ta farko tsarin farashinsu. Kmart ya dogara da takardun talla da ake cusawa cikin jaridun ranar Lahadi: wannan makon an karya farashin tawul, mako mai zuwa na takalmin yara. Irin wannan ciniki hawa da sauka yake. Abin da ake sayar da guda 20 a mako, ranar da aka yi tallarsa sai a nemi 200. In sito bai turo isasshe ba, zuwa Litinin ya ƙare, mai saye ya ƙona mai ya zo don abu ɗaya, a miƙa masa wata 'yar takarda ta alkawari cewa in kaya sun iso za a sayar masa a farashin ragin. In kuma aka turo da yawa, ragowar ta yi kwantai ta cika bayan kanti. Walmart farashi ɗaya yake riƙewa kullum a ƙasa, saboda haka ya san adadin da zai sayar, odarsa ba ta rikicewa. A 2001 shugaban Kmart na lokacin, Charles Conaway, ya ce shi ma zai yi haka. Ya rage tallar jarida, ya karya farashin dubban kayayyaki. Walmart, da yake kuɗin gudanarwarsa ya fi sauƙi, ya ƙara karya nasa. Masu zuwa don talla suka daina zuwa, riba kuma ta zube. Ba a yi nisa ba Kmart ya kasa biyan Fleming, kamfanin da ke kawo masa kayan abinci, Fleming ya tsayar da motocinsa, cikin 'yan kwanaki aka tafi kotu.

To wannan ta kawo mu hanya ta biyu, wadda duk ɗan kasuwar Singa ko Kwari zai gane ba sai an yi masa dogon bayani ba: kaya a kan amana suke zuwa. Babban kanti ba ya biyan kuɗi hannu. Masana'anta ta sauke masa kaya, ya biya bayan kwana 30 ko 60. Ita masana'antar, don kada ta kwana a ciki, sai ta yi wa bashin inshora, ko ta sayar da shi ga wani kamfanin kuɗi a kan ragi. Ranar da aka fara raɗe-raɗin cewa kanti na tangal-tangal, masu inshora su ne ke fara janyewa. Daga nan masana'anta ta ce ko a biya kafin a loda, ko a rage kwanakin, ko ta turo rabin oda. Manyan kamfanonin da ke da wasu masu saye su ne ke fara juya baya, a bar kanti da kayan da ba wanda ya san sunansu. A watan Maris na 2017 uwar kamfanin Kmart, wato Sears Holdings, da kanta ta rubuta a rahotonta na shekara cewa akwai babban shakku kan ko za ta iya ci gaba. Kin ga duk mai kawo kaya da ya karanta wannan, ai sai ya ƙara riƙe hannunsa.

Shi ya sa in kika lura a irin waɗannan bidiyoyi, za ki ga kwalaben sabulun wanki an jera su reras a bakin kanta, layi ɗaya, iri ɗaya, tsawon kamu goma. Ki ɗauki guda ɗaya, bayanta babu komai sai ƙarfen kanta da ƙura. Umarni ake ba ma'aikata su baza ɗan abin da ya rage don ido ya ga kamar a cike yake. Wani wurin ma sai a ja kantoci a tare wani sashe gaba ɗaya, a kashe fitilarsa.

Hanya ta uku ba a cika saninta ba, ita ce ƙididdigar ƙarya. Kwamfuta ta ce akwai tukunya biyar a kanti. A zahiri an sace biyu, ɗaya ta fashe, biyu suna can ƙarƙashin kwalaye a baya. Tunda kwamfuta na ganin biyar, ba za ta nemi sabuwa daga sito ba. Tunda babu ko ɗaya a kanta, ba za a sayar ba balle adadin ya sauka. Haka gurbin zai zauna fanko wata da watanni, sai an samu mutum ya zagaya da na'ura ya ƙirga ya gyara. Mutumin nan kuwa shi ne aka rage wa awannin aiki. Har ila yau shi ne ya kamata ya canza takardun farashi duk mako da hannu. In bai samu lokaci ba, kanta ta ce dala 8, na'urar biya ta ce 12, a tsaya ana neman manaja, layi na ƙara tsawo.

Me ya sa ba a gyara ba bayan an fito daga kotu a 2003? Nan ne abin ke ba ni takaici. Wanda ya karɓi ragamar kamfanin, Eddie Lampert, mai juya kuɗin masu zuba jari ne, ba ɗan kanti ba ne. A ƙarshen 2004 ya sanar da haɗe Kmart da Sears, wani tsohon kamfanin manyan kantuna, a cinikin kusan dala biliyan 11, aka kammala a 2005, aka samu Sears Holdings mai kantuna wajen 3,500. Ra'ayinsa shi ne kuɗin da ake kashewa a fenti da tayil da fitilu ba ya dawowa da riba. Sai kamfanin ya kashe biliyoyin daloli wajen sake sayen hannun jarinsa daga kasuwa, alhali abin da yake warewa gyaran kantuna bai kama ƙafar na Target da Walmart ba. A 2008 ya raba kamfanin zuwa sassa kusan 30, kowanne da shugabansa da lissafin ribarsa, suna gasa da juna kan wurin baje kaya da shafin talla. Sashen tufafi ba ruwansa da ko na kayan wuta ya ci riba. A 2015 kuma aka sayar da gine-gine sama da 200 ga wani sabon kamfani mai suna Seritage a kan dala biliyan 2.7, kantunan suka koma biyan haya a wuraren da a da nasu ne. Kayan Martha Stewart, shahararriyar mai shirin talabijin kan harkar gida, wato zannuwan gado da tawul da kayan kicin da ke jawo mata tun 1997, kwangilarsu ta ƙare ba a sabunta ba. A 2017 aka sayar da sunan Craftsman na kayan aiki. Ana ta sayar da abin da ke kawo mutane don a biya bashi.

Sakamakon a jikin gini ake ganinsa. Rufi na yoyo, a ajiye bokiti a tsakiyar hanya, silin ya yi taswirar ruwa ruwan ƙasa. Tayil ya ɓare a lafta masa salatif. Na'urar sanyaya wuri ta mutu a bar ta. Wurin biya goma sha, ɗaya ke aiki, na'urorin kuma tsofaffi ne masu nawa. A haka ma sai an tambaye ki lambar waya don tsarinsu na tara maki mai suna Shop Your Way, a tambaye ki ko za ki buɗe katin bashi, domin da wannan ake auna ƙwazon mai karɓar kuɗin, sannan a zaro miki rasit mai tsawon hannu. Sau biyu, a 2014 da 2017, kamfanin ya sanar da cewa ɓarayin intanet sun shiga na'urorin biyansa. Mai saye ya zo sau ɗaya ya sha wannan wahala, gobe sai ya nufi Walmart. Ciniki ya ragu, a ƙara rage ma'aikata, wahalar ta ƙaru. A watan Oktoba na 2018 Sears Holdings ya je kotu neman kariya daga masu bin sa bashi.

Yauwa, ga 'yan uwa da ke can, ko masu aika saƙo a sayo musu kaya, ga abin da za a kiyaye a duk kantin da ya kama wannan hanya, ko wane suna gare shi.

Abinci, magani, madarar jarirai, batir, man shafawa, a juya a duba ranar lalacewa, don kaya na daɗewa a kanta. Kwalin da aka sake liƙewa da salatif, a buɗe a gaban ma'aikaci a ƙirga abin da ke ciki, sau da yawa kayan da wani ya dawo da su ne. A ɗauki hoton takardar farashi da waya kafin a je biya, a kuma karanta rasit kafin a fita ƙofa. Kayan wuta a tambaya garantin na wa ne. In na masana'anta ne, yana nan ko kanti ya rufe. In na kantin ne da ake ƙara kuɗi a saya, a bar shi. Katin kyauta, wanda ake loda wa kuɗi a ba mutum, in kina da shi ki kashe shi yau, domin in aka je kotu ana iya sa ranar daina karɓa, bayan nan ki shiga sahun masu bin bashi, kuma can baya za a sa ki. Haka tsarin ajiye kaya, wanda Kmart ya yi suna da shi, a ba da kafin alƙalami a riƙa biya kaɗan-kaɗan har a gama a ɗauka: akwai kuɗin hidima, akwai na fasawa, kuma in aka sanar da rufe reshen sai a gajarta wa'adi. Kada a fara shi a kantin da ke tangal-tangal.

Sai gwanjon rufewa, wanda ke ruɗin mutane da manyan alluna masu rawaya da ja. Galibi ba kantin ne ke gudanar da shi ba, wani kamfanin 'yan gwanjo ake ba kwangila. Abin da suke fara yi shi ne su soke duk ragin da ake yi a da, su mayar da kaya kan cikakken farashi, sannan su cire kashi 10 ko 20 cikin ɗari. Sai ki ga abin da makon jiya yake da araha yau ya fi tsada, ga allo na cewa an yi ragi. Wani lokacin ma suna shigo da nasu kayan daga waje su cakuɗa. Ragi na gaske, kashi 60 zuwa sama, sai makonnin ƙarshe, lokacin an tsince masu kyau. Kuma duk abin da aka saya ba a dawowa da shi, ko da a mota kika gano ya fashe. Saboda haka a tsaya a wurin a duba farashin Walmart ko Amazon a waya kafin a ɗauka. Abin da ya fi samun araha a ƙarshe shi ne kayan kantin kansa, kantoci da kekunan ɗaukar kaya da marataya, mai shago zai iya morarsu.

Babban Kmart na ƙarshe a cikin jihohin Amurka, wanda ke Bridgehampton a jihar New York, ya rufe a watan Oktoba na 2024. A lokacin abin da ya rage ƙaramin reshe ne a Miami, da wasu a tsibirin Guam da tsibiran Virgin. Kuma Hajiya, in 'yarki ta ce miki ta ga Kmart cike da kaya da jama'a a Ostireliya, gaskiya ta faɗa. Wancan na kamfanin Wesfarmers ne, suna kawai suka haɗa, kuma kasuwarsa na tafiya lafiya. Sai an jima, a gaida mutan gida.