Kun Tambaya: Wanne Naman Kaza Ake Ci, Wanne Ke Kai Mutum Asibiti?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Anti, da fatan kina lafiya. Ni dai bana ne farkon zamana a ƙasar da ake ƙanƙara, to yanzu sanyi ya fara ja da baya itatuwa sun soma toho, sai nake ganin maƙwabta suna shiga kurmi da sassafe da kwando suna dawowa da naman kaza, wato tsiron nan mai kama da laima. Ranar Asabar na bi wata, ni ma na tsinto wani mai kai kamar saƙar zuma. Maigida ya ce sam ba a tukunyarsa ba. Yana nan a firij. Dan Allah ana ci?

AMSA: Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Gaskiya a wannan karon ina bayan maigida, ki bar shi a firij tukuna.

Abin da kika kwatanta ya yi kama da wanda ake kira morel, shi ne sarkin naman kazan wannan lokaci, daga Maris zuwa Mayu yake fitowa idan ƙasa ta ɗan yi ɗumi kamar digiri 10 kuma aka samu ruwa. Ya fi son gindin itatuwan da suka fara mutuwa, da tsofaffin gonakin tuffa, da wurin da gobara ta ci bara. Amma fa kama da wane ba ta wane, domin yana da wani ɗan'uwa na bogi mai suna Gyromitra da ke fitowa lokaci ɗaya da shi, wani sa'in ma a kurmi ɗaya.

Ki ɗauki wuƙa ki tsaga shi biyu daga sama har ƙasa. Na gaskiyar cikinsa fayau yake, rami ɗaya tun daga ƙoƙon kai har gindi, kuma kan nasa ramuka ne suka lotsa ciki. Na bogin kansa a cukurkuɗe yake kamar ƙwaƙwalwa, ja-ja haka mai duhu, in kin tsaga za ki ga lungu-lungu da nama-nama a ciki. Gubar da ke cikinsa idan ta shiga jiki tana komawa wani sinadari da ake zubawa a man roka, ba wasa nake ba, kuma hanta da jijiyoyi take taɓawa.

To ko kin tsaga kin ga fayau, ni ban ce ki ci ba, don ban riƙe shi a hannuna ba. Ki kai wa wanda ya shekara da shekaru yana tsinta ya juya shi ya shinshina, a ƙasashe da yawa akwai ƙungiyoyin masu wannan harka da ke fita tare da sababbin shiga. Ita maƙwabciyar taki ki tambaye ta shekara nawa ta yi tana ci, kuma wa ya koya mata, ba raini ba ne.

Sannan ko ya tabbata morel ne, haram ki ci shi ɗanye ko rabin dahuwa. A 2023 a jihar Montana ta Amurka mutum 51 suka kwanta bayan sun ci shi bai dahu ba a wani gidan abinci, biyu suka rasu. Ya dahu sosai, kuma ranar farko ki ci kaɗan ki ga yadda cikinki zai karɓa, ki ajiye guda ɗaya ɗanye a firij ko da za a buƙaci nuna wa likita.

TAMBAYA: Anti barka da aiki. Wani abokina ya ce abin ba wuya, in ka dafa da tafarnuwa ko ka sa cokalin azurfa bai yi baƙi ba to babu guba, haka in ka ga tsutsa ko dodon koɗi sun ci. Ni kuma ina da manhaja a waya da ke faɗin sunan tsiro daga hoto. Wanne zan bi?

AMSA: Ɗan'uwa kar ka bi ko ɗaya, kuma ka gaya wa abokin naka ya daina yaɗa wannan magana kafin ya ɗauki alhakin wani. Azurfa da tafarnuwa ba ruwansu da guba, dodon koɗi kuwa yana cin wanda zai kashe ƙato ya wuce abinsa lafiya lau, ai hantarku ba ɗaya ba ce.

Bari in ba ka labarin dangin da ake kira Amanita, su ne ke da alhakin mafi yawan mutuwar da naman kaza ke jawowa a duniya. Babbansu Amanita phalloides ya fi fitowa ƙarshen zafi zuwa kaka, amma yana da ƙanne farare tas da ke leƙowa a wannan lokaci na toho. Ba su da muni, ba su da ɗaci, waɗanda suka ci suka rayu ma cewa suke da daɗi. Dafuwa ba ta kashe gubarsu, shanyawa ba ta kashewa, firiza ma haka. Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne yadda take aiki, mutum zai ci ya kwanta lafiya, sai bayan awa 6 zuwa 24 amai da gudawa su taso, ya sha wuya kwana guda sai abin ya lafa ya ce alhamdu lillahi na samu sauƙi, ashe a lokacin ne hanta ke lalacewa a ɓoye, kafin ido ya yi rawaya aikin gama ya gama, wani sai an yi masa dashen hanta. Shi ya sa duk wanda ya ci naman kazan daji cikinsa ya juya, ballantana in sai da aka ɗau awanni, asibiti kai tsaye, a tafi da ragowar abincin, ba a jiran ganin gobe.

Alamar waɗannan Amanita tana gindi. Akwai wata 'yar jaka kamar ɓawon ƙwai da ƙafar ke fitowa daga ciki, galibi a binne take, sai zobe kamar ɗan siket a wuya, ƙarƙashin hular kuma fari. Wanda ya yanke da wuƙa daga sama ya bar shaidar a ƙasa kenan. Don haka duk wanda ba ka sani ba ka tono shi gaba ɗaya.

Ita kuwa manhaja hoto kawai take gani, ba ta jin ƙamshi ba ta ganin gindi, ta kan yi kuskure kuma ba za ta raka ka asibiti ba. Ka yi amfani da ita don sha'awa. Wani tarkon kuma shi ne baƙunta, mutum ya ga wani ya ce ai irin wanda na saba ci ne. Haka ta faru a Jamus a 2015, 'yan gudun hijira da dama suka kwanta saboda sun ɗauka irin na ƙasarsu ne suka samu.

TAMBAYA: Anti me ya kamata in riƙa in zan fita?

AMSA: Kwando ƙanwata, ba leda ba, leda na sa shi gumi ya ruɓe kafin ki iso gida. 'Yar wuƙa, da takarda ki naɗe kowane iri daban kar su cakuɗe. Ki bar na bakin titi da inda ake feshin magani, don naman kaza na zuƙar dattin ƙasa. Dogon wando da safa saboda kaska, ki duba jikinki in kin dawo. Ki fara tambaya ko an yarda a yi tsinta a wurin, wani kurmin na wani ne, wani kuma doka ta hana. Kuma ki faɗa wa wani inda kika nufa, mai neman naman kaza kansa a sunkuye yake, kafin ki ɗago kin manta ta inda kika shigo.