Ɗan majalisarmu ya yi alkawarin aiki da jari, ta ina zan gane ko ya cika?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni tela ne a Jidda wajen Bab Sharif, shekarata tara kenan. A zaɓen 2023 ɗan majalisar tarayya na yankinmu a gida Najeriya yayi alkawarin sama wa matasa aiki da ba ƙananan ƴan kasuwa jari, yanzu kullum a guruf ɗin garinmu na WhatsApp hoton rabon keken ɗinki ake turowa ana ta jinjina masa, ƙanina kuma da nake tura wa riyal yana riƙe da ɗan shago yace shi ko sisi bai gani ba. Ta ina mutum zai auna?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa, Allah ya ƙara buɗi. Toh gaskiyar magana tun ranar da yayi alkawarin akwai ƴar rufa ido a ciki, don ɗan majalisa ba shi da ma'aikata ba shi da baitulmali, ɗaukar aiki da kashe kuɗi na ɓangaren zartarwa ne, shugaban ƙasa da ministoci da gwamnoni. Shi nasa yin doka, amincewa da kasafin kuɗi da bin diddigin yadda aka kashe. Kai da kake nan Saudiyya ka saba da Majalisar Shura mai mutum 150 da sarki ke naɗawa, babu kamfe balle alkawari, mu can Najeriya sanata 109 da wakilai 360 kowa sai ya hau mumbari ya faɗi abinda zai kawo ƙuri'a.

Keken ɗinkin nan da kake gani mafi yawa ba daga aljihunsa ya fito ba. Akwai kason ayyukan mazaɓu da ake warewa a kasafin tarayya, wajen naira biliyan 100 a shekara, ɗan majalisa ya zaɓi aikin sai a cusa shi ƙarƙashin wata hukuma kamar SMEDAN mai kula da ƙananan sana'o'i ko NDE mai samar da aikin yi, ɗan kwangila ya sayo kaya a tara mutane a ɗauki hoto. Kuma ka lura sun fi son rabon kaya da "horaswa" akan gina kasuwa ko jawo lantarki, dalili kuwa gini ana iya zuwa a taɓa shi a ga ko an gama, amma keke ɗari biyu da aka rubuta a takarda aka kawo sittin waye zai ƙirga bayan an watse? Kai tela ne ka fi ni sani, wanda aka miƙa wa keke bai iya yanka ba, ba shi da kuɗin haya ba zare ba yadi, kafin sati ya zagayo keken na kasuwa an karyar da shi. A 2019 Buhari da kansa ya koka cewa an kashe kusan tiriliyan ɗaya cikin shekara goma akan irin waɗannan ayyuka ba a ga wani abin kirki ba, a shekarar ne ma ICPC, hukumar yaƙi da cin hanci, ta fara bin sawunsu.

Inda zaka auna shi da gaske wajen doka ne, duk da shi ne wajen da ba a turo hotonsa a guruf. Dokar kamfanoni ta CAMA ta 2020 ita ta ba mutum ɗaya damar yin rajistar kamfani shi kaɗai ba sai ya nemo abokin tarayya ba, dokar kuɗi ta 2019 ta ɗauke wa kamfanin da cinikinsa bai kai miliyan 25 a shekara ba harajin kamfani, amma ita ɗin dai ta ɗaga VAT, harajin da ake ɗorawa akan kayan da aka saya, daga kashi 5 zuwa 7.5, kaga hannu ɗaya ya bayar ɗaya ya karɓe. A 2024 aka mayar da mafi ƙarancin albashi dubu 70. Irin waɗannan ne ke taɓa shagon ƙaninka, to majalisa ta goma da aka rantsar a watan Yuni 2023 me naku ya kawo cikinta, ƙudurin doka nawa, ya wuce karatu na biyu ko tun na farko ya kwanta, wane kwamiti yake kuma ya taɓa titsiye wata hukuma akan bashin ƴan kasuwa? Ka bambanta ƙudurin doka da wanda ake tashi ayi kira ga gwamnati, na biyun shawara ce kawai, ana iya karanta shi a jefa a durowa. Matsala ɗaya, galibi da murya ake kaɗa ƙuri'a a zauren, masu e su ce e masu a'a su ce a'a a buga guduma, don haka da wuya ka samu rubutaccen inda shi ya tsaya, sai dai ka bi jawabansa.

Kada kuma a ɗora masa abinda ba nasa ba. Cire tallafin mai a 29 ga Mayu 2023 da sakin naira kasuwa ta yanke mata farashi a watan Yuni daga fadar shugaban ƙasa da babban banki suka fito, shi yasa riyal ɗinka ya ƙara auki a lissafi amma ƙaninka in yaje sari kuɗin basa cika kwalin da suke cikawa da. Abinda zaka tuhume shi dashi anan shine shirun da yayi in yayi.

Tunda ku mazauna waje har yanzu ba ku da damar jefa ƙuri'a daga nan, aikin na ƙaninka ne. Kasafin kowace shekara yana shafin ofishin kasafi na tarayya a intanet, ya nemi sunan ƙaramar hukumarku zai ga aikin da kuɗinsa da hukumar da aka ba, Tracka, shafin ƙungiyar BudgIT mai bin diddigin kasafi, ma tana fitar da na mazaɓu. Sai ya rubuta wa hukumar takarda ƙarƙashin dokar ƴancin samun bayanai ta 2011 yana neman sunan ɗan kwangila da jerin waɗanda suka amfana, doka ta basu kwana 7 su amsa, ya tabbata an buga masa hatimin karɓa a kwafinsa kafin ya baro ofishin.