Surukata na ce mini ƙazama, alhali tun asuba nake tsaye

Assalamu alaikum Hajiya. Ni tela ce a Aboabo, nan Kumasi, shekara uku da aure, muna ɗaki da falo a gidan haya. Hajiya, na gaji. Duk zuwan da Mama za ta yi sai ta ce ɗakina kamar kasuwar Kejetia ranar jajibirin Sallah. A gaban maƙwabta ta ce mini ƙazama. Ni ce ƙazama? Ina wanki, ina shara. Sai dai in fara ninke kaya, in hangi zare, in bi shi kan keke, in tuna tukunya na kan wuta, la'asar ta yi ban gama ko ɗaya ba. Likita ya ce ADHD gare ni, wato larurar kasa tsayar da hankali kan abu ɗaya, na gaya musu, suka ce lalaci ne aka sa wa sunan Turanci. Maigida bai ce uffan ba. Ƙanwarsa ta zo ta cusa komai a buhu ta tura ƙarƙashin gado, aka yi ta sa mata albarka, ni kuwa har almakashi na sake saye, na huɗu ke nan. Wallahi ni ba ƙazama ba ce. Yaya zan yi?

Wa alaikumus salam 'yata. Ba na shiga tsakanin suruka da matar ɗa, amma almakashin nan huɗu sun tsaya mini a rai. Mai wannan larura, abin da idonta bai gani ba ya ɓace mata ke nan. Abin da ƙanwar mijinki ta yi ɓoyo ne, kuma ya jawo miki asara. Ki fito da buhun nan yau. Ki sayi robobi masu gani har ciki, marasa murfi: ɗaya ta zare, ɗaya ta ƙyallaye. Almakashi a ɗaure shi da igiya jikin keke, makulli a ƙusa bakin ƙofa. Ki sa ƙararrawar waya ta minti 15, ki kama kusurwa ɗaya tak, in ta kaɗa ki tsaya.

Ku kuma iyaye da mazaje, ku ji tsoron Allah. ADHD larurar ƙwaƙwalwa ce, alamunta na bayyana tun kafin shekara 12, sai dai 'ya mace ba a cika lura da nata ba, "shashasha" kawai ake ce mata. Malam maigida, shirunka bai yi mini ba. Ranar komawa asibiti ka raka ta, ka ji daga bakin likita, sannan kai da kanka ka yi wa Mama bayani.