Tambaya da Amsa: Na Daina Shan Giya, Ga Shi Kirsimeti Ya Gabato

TAMBAYA: Malam, barka da aiki. Ni ɗan wani ƙauye ne a kudancin Jihar Kaduna, amma aiki ya zaunar da ni a Abuja. Na shafe shekara 11 ina shan giya, sai a watan Afrilun bana na daina, bayan likita ya ce hantata ta fara taɓuwa. Wata 8 ke nan ko ɗigo ban kai bakina ba. Damuwata ita ce bikin Kirsimeti ya matso, kuma a garinmu duk gidan da ka shiga gaisuwa ƙwaryar burkutu ake fara miƙo maka. Kawuna ya sha faɗa cewa burkutu abinci ce tunda da dawa ake yin ta. Shin akwai laifi in na kurɓi kaɗan don kada a ce Abuja ta sa mini girman kai, ko kuwa in fasa tafiyar? Daga wani mai karatu a Abuja.

AMSA: Ɗan'uwa, barka da wannan ƙoƙari, domin wata 8 ba kwana 8 ba ne. Zan fara da maganar kawunka, tunda a nan tarkon yake. Gaskiya ne da dawa ake yin burkutu, amma bayan an jiƙa ta ta tsira, an niƙa, an dafa, an bar ta ta yi tsami har ta tashi, zaƙin da ke cikin hatsin ya riga ya rikiɗe ya zama barasa, irin wadda take cikin giyar kwalba sak. Hantarka ba ta tambayar ko daga tulu abin ya fito ko daga kamfani. Hasali ma ta kwalba an rubuta ƙarfinta a jiki, ita kuwa burkutu babu wanda ya auna ta, ga shi da ƙwarya ake sha, kuma da ta yi rabi mai gida zai sa a ƙara. A watan Janairun 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa babu wani adadin barasa da za a ce ba ya cutar da lafiya, kuma da masu lafiya take wannan magana, balle kai da likita ya riga ya ja wa kunne. Hantar da ta fara taɓuwa takan farfaɗo idan an bar sha tun da wuri, amma idan aka ci gaba har ta yi tabo ta ƙanƙance, gyaran yakan yi wuya ƙwarai. Wanda ya yi shekara 11 yana sha kuwa, kurɓin farko ba ya tsayawa shi kaɗai. Ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido.

Batun tafiya, ban ga dalilin da za ka yanke zumunci ba, domin zaman kaɗaici a Abuja ranar da kowa ke cikin danginsa shi ma yana iya tura mutum mashaya. Ka je, amma ka gama shirinka tun kafin ka hau mota, kada ka bari sai ƙwarya tana hannunka, tsofaffi sun zuba maka ido, sannan ka fara neman abin faɗa. Ka kira kawun naka tun wannan makon, ka gaishe shi da ladabi, ka ce masa: “Kawu, likita ya ce hantata ta kamu, ya hana ni duk wani abu mai sa maye, har burkutu. Ina roƙon ka tsaya mini idan na zo.” Dattijon da aka ba amana yakan riƙe ta, kuma idan shi da bakinsa ya ce a ƙyale yaron nan ba shi da lafiya, babu wanda zai sake matsa maka.

Ga abokai kuma, ka guji cewa “yau dai ba na sha” ko “sai an jima”, domin wannan alkawari ne ka ɗauka, kuma za a biyo ka bashi. Ka ce ka daina, likita ya hana, ka yi shiru. Za a yi maka ba'a, wani ma zai ce ka zama fasto. Ka yi dariya ka bar shi, jin kunyar mara kunya asara ne.

Sauran dabarun ƙanana ne amma suna aiki. Ka zaga gaishe-gaishenka da hantsi, kafin zama ya yi nisa, ka koma gida kafin duhu. Kada ka fita da yunwa. Ka riƙe gorar zoɓo ko kunun zaƙi sabon damu, domin ba a cika miƙa wa hannun da ke riƙe da wani abu ƙwarya ba. Giyar nan da ake cewa ba ta da barasa kuwa ban ba ka shawarar ta ba, saboda ƙamshinta kaɗai yana iya tayar da tsohon ƙwaɗayi. Idan da mota, ka karɓi aikin tuƙa iyali, ka ga ka sami hujjar da ko jami'an Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa za su goyi bayanka a kai. Idan sha'awar ta taso maka, ka tashi daga wurin ka kira wanda ya san halin da kake ciki, domin takan yi ƙarfi ne na ɗan lokaci sannan ta lafa. Daren 31 ga Disamba kuma, hatsarin ba a cikin coci yake ba, yana bayan an tashi addu'a, lokacin da matasa za su ce a je a yi murnar sabuwar shekara.

Masu karatunmu Musulmi da ke fama da wannan a ɓoye, waɗanda walimar ƙarshen shekara ta ofis ke zame wa jarrabawa, su ma shirin ɗaya ne. Sai dai akwai gargaɗi ga duk wanda har yanzu yake sha da yawa kullum: kada ya yanke rana ɗaya ba tare da likita ba, domin cikin kwana 2 zuwa 3 yana iya shiga makyarkyata, farfaɗiya da gushewar hankali, abin da kan kai ga rasa rai. Asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Barnawa a Kaduna yana karɓar masu irin wannan matsala.

Idan kuwa tsautsayi ya sa ka kurɓa, kada ka ce tunda ta ɓaci bari ta ɓaci gaba ɗaya. Ka ajiye ƙwaryar nan take, ka gaya wa kawunka, washegari ka kama hanyar Abuja ko da bikin bai ƙare ba, ka je wurin likitanka ka faɗa masa gaskiyar abin da ka sha da yawansa.