Ana Iya Haɗa Jirgin Katako Ba Tare da Ƙusa Ba?

Tambaya: Ni kafinta ne a Yawuri, kuma ina gyaran kwale-kwale. Manyan itatuwan da ake sassaƙa jirgi da su sun yi wuya, jiragen falanki kuwa tsatsar ƙusa ce ke kashe su. Na ji an ce akwai masu ɗinka katako da igiya ko waya. Gaskiya ne, kuma irin wannan jirgi yana jure ruwa?

Amsa: Malam, gaskiya ne, kuma ɗinki ya girmi ƙusa a wannan sana'a. Sai dai ɗinkin iri biyu ne, kuma wanda ya gauraya su zai yi asarar katakonsa.

Na farko shi ne ɗinkin da igiya ke riƙe jirgin muddin yana aiki. A shekarar 1954 an tono jirgin Fir'auna Khufu a gindin babbar dalar Giza, gunduwa 1,224 na katako, da aka harhaɗa su kuwa sai ga jirgi mai tsawon fiye da mita 43, wanda igiyoyin ciyawa suka ɗaure tun kimanin shekara 4,500 da suka wuce. A Kogin Kwara ma, matafiyin nan Bafaranshe René Caillié, wanda ya bi ruwa daga Jenne zuwa wajen Tumbutu a 1828, ya bayyana manyan jiragen kaya da aka ɗinka falankansu da igiya.

Misalin da ya fi kusa da zamaninmu daga Oman yake. An gina jirgin Jewel of Muscat mai tsawon mita 18 bisa fasalin wani jirgin Larabawa na ƙarni na 9 da aka gano a ƙarƙashin teku kusa da tsibirin Belitung na Indunusiya, kuma katakon jikinsa icen kawo ne da aka saro daga Ghana. Magina sun fere gefen kowane falanki har ya zauna daram a kan ɗan'uwansa, suka jera huda a gefunan biyu, suka shimfiɗa dunƙulen zaren ɓawon kwakwa a kan gaɓar, sannan suka bi da igiya suna ja da ƙarfi suna bugawa har zaren ya danne. Daga baya aka toshe hudojin, aka shafe ƙasan jirgin da kitsen akuya haɗe da farar ƙasa. A 2010 ya tashi daga Maskat ya isa Singafo. Duk wanda ya taɓa kallon gyartai yana ɗinke fasasshiyar ƙwarya ya riga ya ga asalin dabarar. Amfaninta shi ne jirgin yana ɗan lanƙwasawa idan ya bugi yashi ko igiyar ruwa maimakon ya tsage, kuma babu ƙarfen da zai yi tsatsa ya ɓata katakon da ke kewaye da shi. Wahalarta kuwa ita ce igiya tana ruɓewa, dole a riƙa shafa mata mai, a kuma sake ɗinkin idan ya saki, ga yoyon da ba ya rabuwa da irin wannan jirgi.

Na biyu shi ne wanda nake ganin zai fi yi maka amfani, kuma a nan ɗinkin na wucin gadi ne. Wani malamin koyar da aikin katako a Ingila, Ken Littledyke, shi ya fito da hanyar a ƙarshen shekarun 1950, sannan ta bazu da ƙaramin jirgin Mirror da Jack Holt da Barry Bucknell suka tsara a 1962, wanda aka gina fiye da 70,000 irinsa, da yawa daga ciki a gidajen mutanen da ba su taɓa haɗa jirgi ba. Ana yanka filawud bisa zane, a huda gefuna da tazarar kamar santimita 10 zuwa 15, a zura guntayen wayar jan ƙarfe a murɗa. Yayin da ake ƙara matse wayoyin, shimfiɗaɗɗun allunan nan za su lanƙwashe da kansu su ɗauki siffar jirgi, ba tare da an fara kafa haƙarƙari ba. Idan siffar ta daidaita, sai a kwaɓa efoksi, wato wani gam mai ƙarfi da ruwa ba ya narkar da shi, da garin zarto mai laushi, a cike kusurwoyin ciki, a manna ƙyallen faiba, wato ƙyallen da aka saƙa da zaren gilashi, a kai. Da ya bushe sai a cire wayoyin, a kifa jirgin, a yi wa bayan gaɓoɓin haka nan. Daga wannan lokaci gam da faiba ne ke riƙe jirgin.

Saboda haka ingancin kayan shi ne komai, kuma a nan nake roƙonka kada ka nemi arha. Filawud ɗin da ake yin kabad da sili da shi yana ɓarewa idan ya jiƙa, domin gam ɗin da ke tsakanin sassansa ba ya jure ruwa. Nemi wanda aka yi domin aikin ruwa, ka yanki ɗan guntu ka tafasa shi na awa ɗaya, ka shanya, ka sake tafasawa. Idan ya buɗe, kada ya shiga jirginka. Farin gam na kafinta ba zai maye gurbin efoksi ba. A zafi irin na Yawuri efoksi yana saurin daskarewa, don haka a kwaɓa kaɗan-kaɗan da sanyin safiya, bisa ma'aunin da aka rubuta a jikin gwangwanin, da safar hannu domin yana ɓata fata. Rana ma tana cin sa, dole a rufe shi da fenti, a kuma ƙara faiba ko siririn katako a ƙasan jirgin inda zai riƙa gogar yashi da duwatsu.

Shawarata ita ce ka fara da ƙaramin jirgin kamun kifi na mutum ɗaya ko biyu, mai tsawon mita 4 zuwa 5, ka gwada shi a ruwa marar zurfi da buhunan yashi kafin mutum ya hau. Jirgin fito mai ɗaukar fasinja da kayan kasuwa kuwa, kada ka gina shi da wannan hanya sai da zanen ƙwararre wanda ya ƙididdige kaurin katako da nauyin da jirgin zai iya ɗauka.